Gwajin Yawan Kotisol a Jiki: Inda Ake Farawa da Abin da Ke Biyo Baya

Fuska ta cika ta yi zagaye, ciki ya yi gaba, hannuwa da ƙafafu kuwa sai sirancewa suke. Kitse ya taru a bayan wuya kamar tozon sa. Mutum bai kai arba'in ba an ce yana da hawan jini, an ƙara masa da ciwon suga, in ya zauna a tabarma sai ya dafa bango kafin ya miƙe. A gida wasu za su ce hutu ne, wasu su ce sammu. Likita kuwa, in ya ga waɗannan sun taru a jikin mutum ɗaya, zai fara tunanin ko sinadarin kotisol ne ya yi yawa. Ciwon Cushing ake ce wa wannan, da sunan Harvey Cushing, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ɗan Amurka da ya yi bayaninsa filla-filla a 1932.

Gwajin ciwon yana da tsari, kuma tsallake tsarin ne ke cinye wa iyalai kuɗi. Ana fara da tambayar abin da mutum ke sha da abin da yake shafawa, sannan a tabbatar kotisol ɗin ya yi yawa da gaske, sannan a nemi inda yake fitowa. Hoton ƙwaƙwalwa, wanda mutane ke ɗokin yi tun ranar farko, shi ne kusan na ƙarshe.

Kaɗan game da sinadarin kansa

Wasu 'yan tsokoki biyu ne a saman ƙoda, ana ce musu adirinal, suke samar da kotisol. Mai ba su umarni wata 'yar halitta ce a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, fituwitari, ta hanyar wani sinadari mai suna ACTH. In kotisol ya wadatu a jini, fituwitari sai ta rage umarni. Kotisol kuma yana bin agogo: yana kaiwa ƙololuwa da sanyin safiya, ya dinga sauka har ya kai ƙasa wajen tsakar dare. Duk gwaje-gwajen da za a ambata a kan waɗannan abubuwa biyu aka gina su. Shi ya sa ɗibar jini da rana tsaka a auna kotisol, ba shiri ba lokaci, ba ya tabbatar da ciwon kuma ba ya kore shi. Kuɗi ne kawai ya tafi.

Wa ya kamata a gwada

Ba duk mai ƙiba da hawan jini ba. Alamun da suka fi nuni su ne nankarwa masu faɗi da suka wuce santimita 1, masu duhu ko ja-ja, a ciki da cinyoyi da hammata. Fata ta yi siriri, ɗan bugu kaɗan jini ya taru. Raunin cinyoyi da kafaɗu, har tasowa daga sujada ko hawa matakala ya zama aiki. Da karayar ƙashi ba wani faɗuwar kirki. Ga mata akan ga rikicewar al'ada da tsirowar gashi a haɓa. Ga yaro kuwa, alama mafi ƙarfi ita ce nauyi na ƙaruwa amma tsawo ya tsaya. Ana kuma gwada wanda aka ga ƙari a adirinal ɗinsa ta hanyar hoton da aka yi don wani dalili daban. Wanda zai je ganin likita ya ɗauki tsofaffin hotunansa na waya, na shekara biyu ko uku da suka wuce, domin canjin fuska ya fi fitowa in an jera su.

Mataki na farko: a zazzage jakar magani

Nan zan fi daɗewa, domin nan ne mafi yawan amsar take. Abin da ya fi jawo ciwon Cushing a ko'ina cikin duniya shi ne magungunan da ke aiki irin na kotisol, waɗanda ake kira sitiroyid. A garinmu Sakkwato hanyoyin shigarsu jiki suna da yawa. Akwai ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda 'yan mata da amare ke saye a kemis, da yawansu deksametason ne. Akwai feredinisolon da mai asma ko mai ciwon gaɓoɓi ya taɓa jin daɗinsa ya ci gaba da saye shekara da shekaru ba tare da ya koma asibiti ba. Akwai allurar ciwon gwiwa ko ta ƙaiƙayi da ke daɗewa a jiki makonni. Akwai mayukan ƙara hasken fata masu ɗauke da kilobetasol ko betametason, waɗanda fata ke tsotsewa in ana shafa su a duk jiki kullum, har wasu iyaye kan haɗa su da man jariri. Akwai kuma haɗe-haɗen da ake sayarwa da sunan maganin gargajiya na sanyin ƙashi, waɗanda akan niƙa ƙwayar bature a ciki.

Hirar takan kasance kamar haka:

"Hajiya, ban da maganin hawan jini, mi kuke sha?"

"Ba ni shan komi, likita."

"To man da kuke shafawa fa?"

"Wanga ai mai na, likita, ba magani ba na."

Ba ƙarya ta yi ba, a wurinta magani abin haɗiya ne. Don haka abin da ya fi shi ne a zuba komai a leda a zo da shi: ƙwayoyi, mayuka, sabulai, abin shaƙa na asma, maganin ɗigawa a ido, ƙullin gari, har kwalayen da suka ƙare. A jikin kwali a duba sunayen da ke ƙarewa da "-sone" ko "-lone" ko "-sol". Ba wurin jin kunya ba ne. Ɓoye man shafawa ɗaya na iya sa a yi wata uku ana neman ƙarin da babu shi.

In an gano sitiroyid ne, gwaje-gwajen da ke gaba ba su da amfani, an riga an san sanadi. Amma ga gargaɗin da nake so kowa ya riƙe: wanda ya wuce mako uku ko huɗu yana shan waɗannan ƙwayoyi kada ya daina rana ɗaya. Adirinal ɗinsa sun daina aiki saboda an daɗe ana yi musu, in aka yanke kwatsam jini na iya faɗuwa, ga amai, ga jiri, ga suma, har rasa rai. Likita ne zai tsara ragewa sannu a hankali, kuma a nan ne auna kotisol na safe ke da amfani, don a ga ko adirinal sun farfaɗo.

Mataki na biyu: a tabbatar kotisol ya yi yawa

In ba a sami sitiroyid ba, akwai gwaji uku da ake farawa da su. Ƙa'idar ita ce sai biyu daban-daban sun nuna matsala kafin a ce akwai ciwon. Kada a yi kowannensu ana cikin zazzaɓi, ko kwanciya asibiti, ko jim kaɗan bayan tiyata, domin jiki da kansa yana ƙara kotisol a irin wannan hali.

Gwajin ƙwayar dare. Shi ne mafi sauƙin samu da sauƙin kuɗi. Ana ba mutum deksametason miligiram 1, galibi ƙwaya biyu masu 0.5, ya sha tsakanin ƙarfe 11 da 12 na dare, a ɗebi jininsa tsakanin 8 da 9 na safe. Mai lafiya, fituwitarinsa za ta ga kamar kotisol ya wadatu ta yi shiru, sai kotisol na safe ya faɗi ƙasa da 1.8 µg/dL, wato 50 nmol/L. In bai faɗi ba, akwai abin bincike. A lura da ma'aunin da aka rubuta a takarda, domin ɗakunan gwaji sun bambanta. Ana ninka na farko da 27.6 a sami na biyu, kuma rikita su kan sa mai lafiya ya kwana da fargaba.

Lokaci shi ne ran wannan gwaji. Wanda zai taso daga Illela ko Isa ko Tambuwal ya kwana cikin gari wajen 'yan uwa, ya sa ƙararrawar waya, ya kasance a ɗakin gwaji kafin takwas. In barci ya kwashe shi ya sha ƙwayar da asuba, ko layi ya kai shi ƙarfe goma sha ɗaya, ya faɗa a sake rana. Mai ciwon suga ya san sugansa na iya ɗan hawa washegari.

Wasu magunguna suna ɓata sakamakon. Rifamfisin na masu tarin tibi, da magungunan farfaɗiya irin su fenitoyin, kabamazefin da fenobabiton, suna sa hanta ta narkar da deksametason da wuri, sai gwaji ya nuna ciwo alhali babu. Ƙwayar tazarar haihuwa mai ɗauke da istirojin ita ma tana ɗaga adadin da ake gani a jini. Ana dakatar da ita mako shida kafin gwaji, da shawarar likita da wata hanyar a madadinta, ko a zaɓi wani gwajin. Maganin tibi da na farfaɗiya kuwa ba a dakatar da su saboda gwaji, gwajin ake canzawa. Mai juna biyu ma ba a yi mata wannan, na fitsari ake yi. Gwajin ƙwayar yana da wani nau'i mai tsawo, inda ake shan 0.5 duk bayan awa shida har kwana biyu, likita kan zaɓe shi in na dare ɗaya ya bar shakka.

Gwajin fitsarin awa 24. A baki ba wuya, a aikace shi aka fi ɓatawa. Ɗakin gwaji zai ba da jarka. Da ƙarfe bakwai na safe, misali, a yi fitsari a zubar, a rubuta lokacin a jikin jarkar. Daga nan duk fitsarin da ya zo, na rana da na dare, jarka zai shiga, har da na ƙarfe bakwai na washegari, shi ne na rufewa. A tanadi ɗan kwano mai tsabta a banɗaki, a yi a ciki a juye, a kawar da shi gefe kafin a ɗauki buta, kada ruwan tsarki ya shiga. In bayan gida ya matsa, a fara yin fitsarin a kwano tukuna. Ranar a zauna gida, ba kasuwa ba biki. In sau ɗaya aka manta aka zubar, a faɗi gaskiya a sake, domin jarkar da ba ta cika ƙa'ida ba tana iya nuna lafiya ga marar lafiya. Mace ta bari sai ta yi tsarki daga al'ada.

Zafin Sakkwato yana da ruwa da tsaki a nan. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, mutum kan sha ruwa ba lissafi, kuma shan abin da ya kai lita 5 a yini yana ƙara kotisol ɗin da ke fita a fitsari. A sha daidai ƙishi, kada a ɗura don jarka ta cika. Jarkar kuma tana son sanyi: firji in akwai wuta, in babu a sa ta a kula da ƙanƙara, a kai ta da safen nan. Ana yin gwajin aƙalla sau biyu, saboda kotisol na yau ba lallai ya yi daidai da na gobe ba. Adadin da ya ninka iyakar ɗakin gwajin sau uku ya yi nuni sosai; wanda ya ɗan haura kaɗan yana bukatar wani gwajin ya mara masa baya. Mai ciwon ƙoda da ta yi rauni, wannan gwaji ba nasa ba ne, zai nuna ƙasa da gaskiya.

Gwajin miyau na dare. Ana tauna ɗan auduga na musamman tsakanin 11 da 12 na dare, a mayar cikin kwalbarsa, dare biyu daban-daban. Mai lafiya kotisol ɗinsa yana ƙasa a lokacin, mai ciwon kuwa nasa ba ya sauka. Kafin a yi, a bar ci da sha da goge baki na ɗan lokaci kamar yadda ɗakin gwaji ya faɗa. Asuwaki ko buroshi in ya fasa dasashi jini ya shiga miyau, sakamako ya lalace. A guji taba, ta sha da ta baki. A wanke hannu sosai in ana taɓa man sitiroyid. Gwajin bai dace da mai aikin dare ba, maigadi ko ma'aikaciyar jinya ko direban dogon zango, domin agogon jikinsu ya juya. Saboda wannan dalili ni dai ina ganin a ɗage shi daga watan azumi, musamman goman ƙarshe da ake raya dare, a yi bayan barci ya koma daidai. Ba kowane ɗakin gwaji ke yinsa ba, wasu a nan suke karɓa su aika Abuja ko Legas, don haka a tambaya kafin a biya.

Karanta sakamako

In gwaji biyu sun fito lafiya, da wuya ciwon ne. Amma in alamu na ƙaruwa a sake bayan wata shida, domin akwai nau'in da ke tashi ya lafa. In ɗaya ya nuna ɗaya bai nuna ba, ba a yanke hukunci, ana maimaitawa. Akwai kuma yanayin da ke ɗaga kotisol kaɗan ba tare da wani ƙari ba: ciwon damuwa mai tsanani, shan giya, ƙiba mai yawa, da sugan da ya ƙi saituwa. Rarrabe waɗannan aikin likitan suga da sinadaran jiki ne. Daga wannan gaɓa, wanda ya fara a asibitin ƙaramar hukuma ko Asibitin Ƙwararru ya nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Mataki na uku: ACTH

An tabbatar kotisol ya yi yawa. Saura a san ko adirinal ce ke gaban kanta, ko umarni ake ba ta. Ana auna ACTH a jinin safe. In ya yi ƙasa, ƙasa da 10 pg/mL, matsalar a adirinal take. In ya haura 20, wani wuri ne ke fitar da shi. Tsakanin nan sai a sake.

Wannan sinadari yana saurin lalacewa bayan an ɗebi jini. Dole a zuba shi a kwalba mai murfi ruwan hoda-shuɗi da ke hana jini daskarewa, a sa cikin ƙanƙara nan take, a tace ruwan jinin da wuri a daskarar. In aka bar shi a kan tebur cikin zafin nan, ko ya yi doguwar tafiya ba sanyi, zai nuna ƙasa, a tafi neman ciwo a saman ƙoda alhali yana cikin kai. Haƙƙin majiyyaci ne ya tambaya: a nan za ku auna ko aikawa za ku yi, kuma yaya za ku riƙe sanyinsa? Ɗakin gwajin da ya san aikinsa ba zai ji haushin tambayar ba.

Mataki na huɗu: hoto

Sai yanzu. In ACTH ya yi ƙasa, hoton CT na adirinal ake yi. In ya yi sama, MRI na fituwitari tare da allurar da ke haska wurin, kuma a rubuta wa masu hoto cewa fituwitari ake nema, domin hoton kai na gama-gari kan tsallake ta. Cikin waɗanda jikinsu ne ke samar da kotisol ɗin, kusan bakwai cikin goma ƙaramin ƙari ne a fituwitari, wanda ba ciwon daji ba ne, kuma mata ya fi kamawa. Sauran sun rabu tsakanin ƙarin adirinal da ƙarin da ke wani wuri daban, galibi huhu, yana fitar da ACTH.

Dalilin ajiye hoto a ƙarshe shi ne yana ruɗi ta fuska biyu. Kusan mutum ɗaya cikin goma masu ƙoshin lafiya, in aka yi musu MRI, za a ga ɗan tabo a fituwitari wanda ba ya komai. A ɗaya ɓangaren, masu ciwon na gaske da dama ƙarinsu ƙanƙane ne har hoto ba ya kama shi. Wanda ya fara da hoto yana iya samun tabon da zai kai shi ga tiyatar da ba ya bukata, ko ya sami hoto fes ya koma gida da ciwonsa.

In ƙarin ya kai milimita 10 kuma gwajin jini ya yi daidai da shi, magana ta fito. In bai kai 6 ba, ko ba a ga komai ba, akwai gwajin da ake zura siraran robobi ta jijiyar cinya har zuwa jijiyoyin da ke kwaso jini daga fituwitari, a kwatanta ACTH na can da na hannu. In na can ya ninka sau biyu, ko sau uku bayan allurar da ke zaburar da fituwitari, daga fituwitari ne. Cibiyoyi ƙalilan ne ke iya wannan. Inda babu, likitoci kan haɗa gwajin deksametason mai yawa, miligiram 8, da hoton CT na ƙirji da ciki, duk da cewa gwajin miligiram 8 shi kaɗai ba abin dogaro ba ne. Ciwon da ya zo da sauri cikin 'yan watanni, da rauni mai tsanani, fata ta ƙara duhu, sinadarin fotasiyam ya faɗi a jini, yakan sa a fi karkata ga ƙirji, kuma irin wannan ba ya jiran layi.

Abin da ake yi kafin a gama

Binciken kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kuma kotisol bai daina ɓarna don ana jiran takarda ba. A ci gaba da maganin hawan jini da na suga. A auna fotasiyam da aikin ƙoda. Ciwon yana raunana garkuwar jiki, yana kuma sa jini saurin daskarewa a jijiya, don haka zazzaɓi, ƙurjin da ya ƙi warkewa, kumburin ƙafa ɗaya, ko numfashi ya yi wuya kwatsam, duk na zuwa asibiti ne a ranar. Canjin hali, rashin barci da baƙin ciki suna cikin ciwon, iyali su sani don kada a ɗora wa majiyyaci laifi.

A sami fayil ɗaya a tara kowace takarda, a rubuta a bayanta ranar gwaji, ƙarfe nawa aka sha ƙwaya, ƙarfe nawa aka ɗebi jini, da magungunan da ake sha a lokacin. Adadin kotisol da ba a san lokacin ɗibarsa ba, likita na gaba ba zai iya aiki da shi ba.

In an kai ga tiyata, ta fituwitari galibi ta hanci ake bi, ta adirinal kuma ta ciki. Gwaji bai ƙare a nan ba. A kwanakin farko ana auna kotisol na safe, kuma in ya faɗi ƙasa sosai alama ce an cire ƙarin duka. Daga nan majiyyaci zai sha haidirokotison, wato ƙwayar kotisol, na watanni har jikinsa ya koma samar da nasa, ana ƙara masa adadi in ya yi zazzaɓi, ana yi masa allura in amai ya hana ƙwaya zama. Wanda aka yi wa ta fituwitari zai ci gaba da zuwa a duba shi duk shekara, domin ciwon kan dawo ga wasu ko bayan shekaru, kuma gwajin miyau na dare yana cikin waɗanda ke fara nuna dawowarsa.